Wa zai kawo shaida, sojan da ya suma ko gwamnatin da ta tura shi?

Akwai tambayar da ake yi wa tsohon soja mai farfaɗiya idan ya kai takardun neman haƙƙinsa na rauni, wadda ya kamata mai yin ta ya ji nauyin bakinsa kafin ya furta: ina shaidar cewa a bakin aiki ka samu wannan ciwo? Mutumin da ake tsarewa da wannan tambaya, ranar da nakiya ta tashi da motarsu bai san inda kansa yake ba. Ranga-ranga aka kwashe shi. Bai ga wanda ya ɗinke masa kai ba, bai san ko an rubuta sunansa a littafin masu rauni na bataliya ba, bai san ko kwamandansa ya aika rahoto sama ko a aljihu ya bar shi ba. Duk wata takarda da za ta tsaya masa tana hannun rundunar da ta tura shi daji. Amma shi ake cewa ya je ya nemo. Idan ya kasa, a maido masa da dosiyensa, a ce in bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara.

Zalunci ne tsagwaronsa, kuma mu mutanen Gaya ba mu da bakin cewa bai shafe mu ba. Daga Tanda zuwa Bengu, daga Bana zuwa Tunuga da Yelu, da wuya ka ratsa unguwa ba a nuna maka gidan da ke da ɗa a soja, jandarma ko garda ba. Tare da ƴaƴan sauran jihohi ake kai su Difa da Tilaberi. Ƙasar nan ta ga harin Karamga a 2015, ta ga na Boso a 2016, ta binne sojoji 71 bayan harin Inates a Disamban 2019, wata guda bayan nan ta binne 89 na Cinagodar. Yau ma ba sai an je nesa ba. Ga dajin W a yamma da mu, ga Lakurawa a kan iyakar Kebbi da Sakkwato, ga bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa ta nan zuwa Seme a Benin, wanda a Yunin 2024 aka kashe sojoji 6 masu gadinsa a cikin jihar Doso. Kowace sanarwa lissafi biyu take kawowa, na waɗanda suka rasu da na waɗanda suka ji rauni. Na farko a yi musu salla, a sassauto da tuta, a yi makoki. Na biyu daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsu. A cikinsu akwai wanda ƙarfe ya shiga kansa, akwai wanda ƙarfin fashewa ya maka shi da jikin mota, ya farfaɗo bayan kwanaki yana magana yana tafiya, aka ce alhamdu lillahi ya warke, aka mayar da shi bakin daga.

Fata ce ta haɗe, ƙwaƙwalwa ba ta warke ba. Inda ta ji rauni takan yi tabo, jinin da ya zuba a wurin ya bar dattinsa, jijiyoyin da ke kewaye su riƙa sake ƙulluwa ba bisa tsari ba. Abin a hankali yake tafiya, watanni, wani lokaci shekaru. Rana ɗaya wurin ya saki tartsatsin lantarki gaba ɗaya, mutum ya ƙwala ihu ya zube, jiki ya sandare, ya shiga jijjiga, ya ciji harshe, wani sa'in har fitsari ya kuɓuce masa. Wani kuma ba ya faɗuwa. Sai dai ya ƙura ido, ya riƙa motsa baki, ya yi minti ɗaya ko biyu ba ya tare da mutane, ya dawo bai san abin da ya faru ba. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, kuma a kan sojoji suka fi saninsa. An bi diddigin sojojin Amurka da harsashi ko ɓaraguzan bam suka huda wa kai a yaƙin Biyetnam. Rahoton 1985 ya duba mutum 421, ya tarar bayan shekara 15 kashi 53 cikin ɗari sun kamu da farfaɗiya. Da aka sake duba waɗanda suka rage, rahoton 2010 ya nuna cewa cikin masu ciwon kusan kashi 13 cikin ɗari ba su fara faɗuwa ba sai da raunin ya wuce shekara 14. Ko a wajen farar hula, binciken da aka wallafa a 1998 daga jihar Minesota ya nuna mummunan rauni a ka yana ninka haɗarin farfaɗiya kusan sau 17.

To a dubi wannan lissafi da kyau. Yaron da nakiya ta buga a Tilaberi a 2020 zai iya yin faɗuwarsa ta farko a 2027 ko a 2034, yana zaune a ƙofar gidansu a Gaya, kakinsa ya daɗe a akwati, kwamandansa an canza masa wuri sau da yawa ko ya rasu, abokan motarsa sun watse. A ranar ne za a ce masa ya haɗa wannan faɗuwa da wancan fashewa, da takarda mai hatimi.

Sai kuma maganar gwaji, wadda ta fi ƙona mini rai. Ana aika mutum a yi masa awon motsin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira EEG. A manna masa wayoyi a ka na minti 20 ko 30, a cire. Farfaɗiya ba kullum take nuna kanta ba. Tsakanin faɗuwa da faɗuwa ƙwaƙwalwa kan yi aikinta lafiya lau, shi ya sa awon farko ba ya kama fiye da rabin waɗanda tabbas suna da ciwon. Duk likitan jijiya ya san takarda mai cewa ba a ga komai ba ba ta kore farfaɗiya. Amma a hannun wanda ke neman dalilin rufe dosiye, wannan takarda ta wadatar. Daidai yake da mutum ya leƙa Malanbil ranar da kasuwa ba ta ci, ya dawo ya rantse babu kasuwa a garin. Mai ciwon ya shigo ofis da ƙafafunsa, ya sara, ya amsa tambayoyi dalla-dalla, an ga ƙato lafiyayye. Ba wanda ke wurin da ƙarfe ukun dare, lokacin da matarsa ke janye fitila daga kusa da shi, tana juya shi kan gefensa kada ya shaƙe, yara sun maƙale a lungu suna kuka.

Wannan mata ita ce babbar shaida. Ita ta san sau nawa ya faɗi a wata, ta san ko bayan rashin barci ne ko bayan magani ya ƙare, ta san awa nawa yake yi kafin hankalinsa ya dawo. Da wane dalili maganarta ba za ta shiga dosiye ba?

Akwai inda take shiga. Dokar tsofaffin sojoji ta Amurka ta faɗa a rubuce cewa wajen ƙirga yawan faɗuwa ana karɓar shaidar mutanen gida, muddin ta tsaya a kan magana ɗaya, domin an san likita ba ya kwana a ɗakin majinyaci. Ta kuma yanka mizani a fili. Wanda ke yin babbar faɗuwa aƙalla sau ɗaya kowane wata a tsawon shekara, raunin nasa ɗari bisa ɗari ne. Sau ɗaya a wata uku, kashi 80. Sau ɗaya a wata shida, ko sau biyu a shekara, kashi 40. Wanda magani ya tsayar masa da ciwon amma dole ya ci gaba da sha, ba ya yin ƙasa da kashi 10. Tun Janairun 2014 kuma aka ƙara ƙa'idar da ta fi duka muhimmanci: sojan da aka tabbatar ya samu matsakaici ko mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a bakin aiki, idan farfaɗiya ta biyo baya, a ɗauka raunin ne ya kawo ta, ko bayan shekara nawa ne, sai in an samu hujja bayyananniya ta wani dalili daban. Idan kuma hujjoji suka yi kunnen doki, dokarsu ta ce a bai wa soja gaskiya. Ba ina cewa can aljanna ce ba. Ƙararrakinsu kan yi shekaru a layi, kuma sai a 1988 aka kafa musu kotun da za ta iya soke hukuncin ma'aikata. Amma ranar 4 ga Oktoban 2017, a Tongo Tongo, wuta ɗaya aka buɗe wa sojojinsu da namu, nasu 4 suka mutu, namu 4. Waɗanda suka tsira daga irin wannan rana ƙoƙon kansu iri ɗaya ne, ƙwaƙwalwar da ke ciki iri ɗaya ce. Ba na jin akwai ɗan Nijar da zai yarda cewa kan nasu ya fi kan namu daraja.

Tsarin da muke tafiya a kai daga Faransa muka gaje shi. Lokacin da aka kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agustan 1961, da mutanen da suka fito daga sojan Faransa aka gina ta, irin su Seyni Kountché da ya yi Indocina da Aljeriya. Da su aka taho da littafin rajistar rauni, da rahoton kwamanda, da kwamitin likitocin da ake kira kwamishon reform, da tambayar ko aiki ne ya jawo ciwo. Asalin abin ba mugu ba ne. Dokar Faransa ta 31 ga Maris 1919, bayan yaƙin duniya na farko, ta ce raunin soja haƙƙi ne ba sadaka ba, kuma abin da aka gani a jikinsa lokacin aiki a ɗauka aikin ne ya jawo. Sai dai an yi wa wannan rangwame wa'adi. A dokarsu, cutar da ba a gano ba kafin cika kwana 60 da dawowar soja, shi zai kawo hujja. Kwana 60, a kan ciwon da kan yi shekara 14 yana ɓoye. Irin wannan tunani na wa'adi da hatimi an gina shi ne don ƙafar da aka yanke da idon da ya tsiyaye, abin da ake gani ranar da aka sallami mutum. Farfaɗiya ba ta shiga wannan awo, kuma duk tsarin da bai yi mata gurbi na musamman ba zai ci gaba da korar masu gaskiya.

Bari mu dawo gida mu ga abin da ciwon nan yake nufi a garin da rayuwarsa ta rataya a kan kogi da hanya. Me tsohon soja ke yi a Gaya idan ya ajiye bindiga? Kabu-kabu, ko tuƙin mota, ko gadin shago da dare, ko noman shinkafa a fadama, ko su, ko fiton mutane da kaya a kwalekwale, sana'ar da ta bunƙasa tun da aka rufe gadar Malanbil a ƙarshen Yulin 2023. A nuna mini guda ɗaya a cikinsu da mai farfaɗiya zai yi ba tare da ya sa ransa da na wasu a haɗari ba. A kan babur zai kashe kansa da fasinja. A kan ruwa, faɗuwa ɗaya ta isa. A fadama, ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya cin mutumin da ya kifa a sume. Gadin dare kuwa rashin barci ne, rashin barci kuma yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai farfaɗiya yana fuskantar haɗarin mutuwa da wuri har ninki uku na sauran mutane, kuma a irin ƙasashenmu ruwa da wuta suna cikin abin da ke cinye su. Mutum ne mai hannu biyu da ƙafa biyu wanda kusan duk ƙofofin neman abinci suka rufe masa. Kwamitin da ya dube shi ya rubuta masa ɗan ƙaramin kaso, ko ya ce babu komai, bai san Gaya ba, bai kuma tambaya ba.

Mu ma jama'a muna da namu alhakin. Har yau idan mutum ya faɗi a kasuwa, sai a dare a ba shi wuri, wai kada kumfar bakinsa ta taɓa wani. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta, ko ta miyau ko ta numfashi. Masu ƙarfin hali kuma su danne shi, su cusa masa cokali a baki, su karya masa haƙori, alhali abin da yake buƙata shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a kai shi asibiti in jijjigar ta wuce minti biyar. A gida kuma a ce iska ce ta buge shi a dajin da ya yi yaƙi, ko jinin wanda ya kashe ne ke bin sa. A yi shekara biyu ana yawo tsakanin mai ruƙiyya da boka, a sayar da akuya, a sayar da gona. Ba na hana kowa addu'a. Amma waɗannan shekaru da aka yi ba tare da takardar asibiti ba, su ne gobe za a kafa masa hujja da su a ofis: in da gaske tun lokacin kake faɗuwa, me ya hana ka zuwa likita? Shi kansa sojan yakan ɓoye, domin yana cikin kaki ya san ranar da aka gane za a karɓe bindiga a sallame shi, bayan ya fita kuma yana tsoron kada a hana ƴaƴansa mata aure. Kunyar da muka ɗora masa ita ke cinye masa shaida.

Ga kuma hanyar ɗaukaka ƙarar ita kanta. Daga Gaya zuwa Doso kimanin kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300. Likitocin jijiya ƙalilan ne a ƙasar nan, mafi yawansu a Yamai. Na'urorin awo a can suke, manyan ofisoshin soja da na fansho a can, babbar kotun da ke yanke ƙarar da aka kai gwamnati ita ma a can. Mai farfaɗiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya zama biyu, ga masauki, ga abinci, ga kuɗin awo. Ya yi sammako, ya kwana a tasha, ya yini a benci da yunwa, duk abubuwan da likita ya hana shi. Ya isa gaban teburi, wani yaro sa'an ɗansa ya ce masa: Baba, ka yi haƙuri, takardar asibitin farko ce babu a ciki, ka dawo wata mai zuwa. Ba yaron nake zargi ba, abin da aka ɗora shi a kai yake yi. Takardar ƙin amincewa kuma da Faransanci take zuwa, da wa'adin da in ya wuce an rufe ƙofa, zuwa ga mutumin da Dandanci, Zabarmanci, Hausa ko Fulatanci yake ji, wanda ciwon da maganin suka riga suka raunana masa tunani. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Muna jiran ranar da soja zai karɓi hukuncin da ya shafi abincin ƴaƴansa a harshen da yake fahimta, a kuma karanta masa dalili, ba layi ɗaya mai cewa ba a tabbatar ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce farfaɗiya tana da dalilai da yawa a ƙasar nan: zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka tun yarinta, sanƙarau, wahalar haihuwa, gado. Za a ce tiramol yana sa jijjiga, kuma ba a rasa masu shan sa a bariki. Za a ce in aka buɗe ƙofa kowa zai zo ya ce yana faɗuwa. Duk na ji. Amma kafin a ba yaron nan kaki, likitan soja ya tuɓe shi, ya auna shi, ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Gwamnati ce ta ba da wannan shaida da kanta. Ta karɓe shi lafiyayye, ta yi amfani da ƙuruciyarsa, ta maido shi yana faɗuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In tana zargin ƙwaya ce, ta auna ta nuna. In tana zargin tun yana yaro yake da ciwon, ta kawo takarda. Ita ke da asibitoci, ita ke da rumbun ajiya, ita ke da lauyoyi. Akwai ma wata irin jijjiga da ba daga tartsatsin ƙwaƙwalwa take ba, daga firgicin abin da ido ya gani take, kuma an san tana da yawa a cikin waɗanda suka yi yaƙi. Wannan ma ba ƙarya ba ce, raunin yaƙi ne, magani ne kawai ya bambanta. Maƙaryaci ɗaya da zai iya sulalewa bai kai a tozarta masu gaskiya ba, balle ma yau wayar da ke aljihun kowa tana ɗaukar bidiyo, likitan da ya ƙware kuma yana gane abubuwa da yawa daga bidiyon faɗuwa guda.

Abin da ya sa nake rubutu da zafi shi ne mun taɓa ganin wannan wasa, kuma mun san yadda yake ƙarewa. Kakanninmu da aka kwasa daga ƙasar Doso da sauran sassan Nijar suka yi wa Faransa yaƙi, dokar 26 ga Disamban 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan kuɗin lokacin samun ƴancin kai, na abokan yaƙinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. Ibrahima Gueye da tsofaffin sojojin Senegal 742 suka kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1989 kwamitin ya ce wariya ce. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Wani tsohon saje, Amadou Diop, ya shiga kotunan Faransa, ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotunsu ta ba shi gaskiya, shi kuwa tun 1996 yana kabari. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 ya kunyata su kafin shugabansu Jacques Chirac ya daidaita fanshon rauni daga 2007. Sai da kotun tsarin mulkinsu ta yi hukunci ranar 28 ga Mayun 2010 kafin a daidaita sauran daga 2011, shi ma da sharaɗin kowane tsoho ya rubuta takardar nema da kansa. Shekara hamsin. Ba a taɓa ce musu ba za a biya ba har abada. An dai bar lokaci ya yi aikinsa, kowace shekara masu bin bashin suna raguwa. Mun la'anci wannan, kuma mun yi daidai. Sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024, muna ta kirarin ƴanci. To wa ya rage da za mu ɗora wa laifi idan dosiyen ɗan Tanda ya kwana shekara uku a kan teburi? Ko a tsallaken iyaka darasin ɗaya ne: a farkon 2025 sai da tsofaffin sojojin Najeriya suka tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja kafin a saurare su. Mai farfaɗiya ko irin wannan zaman dirshan ba zai iya ba, rana da yunwa za su kayar da shi.

Kada a ce babu kuɗi. A 2020 aka sanar da shirin ninka yawan sojoji daga dubu 25 zuwa dubu 50. Duk wanda ya tsara ɗaukar mutum dubu 25 ya kamata ya tsara yadda zai yi da waɗanda za su dawo da rauni a ka, domin lissafi ɗaya ne. Tun Oktoban 2023 akwai asusun haɗin kai don ceton ƙasa, wanda ake tara masa daga kiran waya, tikitin mota da man fetur. Matar sojan nan ma tana biya duk lokacin da ta sa kati ta kira ɗan'uwansa ta ce ya sake faɗuwa. Maganin kuma ba tsada gare shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, kuma mafi arhansa bai wuce dalar Amurka 5 a shekara ba, kimanin jika 3 na sefa. Gardenal, Tegretol, Depakine, ba baƙi ba ne a kantunan maganinmu. Sharaɗinsu ɗaya: kada a yanke. Wanda ya saba shan Gardenal ya tsaya rana tsaka don aljihu ya bushe, yana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa har ta kashe shi. Watannin da dosiye ke yawo tsakanin ofis da ofis, a cikinsu ne mutum ke raba ƙwaya biyu, ko ya sayi ta tebur wadda ba a san abin da ke cikinta ba. Saboda haka magani bai kamata ya jira hukunci ba. Daga ranar da likita ya rubuta farfaɗiya a katin tsohon soja, asibitin Gaya ya riƙa ba shi kyauta kowane wata, ko an gama shari'a ko ba a gama ba.

Sauran abin da nake nema ba ya buƙatar taron ƙasa. A rubuta a doka cewa duk sojan da aka san ya ji rauni a ka, ko ya suma a fashewa, farfaɗiyar da ta biyo baya ta aiki ce, ba wa'adi. In takarda ta ɓata a hannun runduna, rantsuwar abokan aikinsa biyu ta maye gurbinta, asarar ta hau kan wanda ya ɓatar. Kwamitin likitoci ya riƙa sauka a Doso da Gaya a kan lokaci sananne, da likitan jijiya a cikinsa, ya saurari matar gida da uwa da maƙwabci. A ƙayyade wa hukuma watannin da za ta ba da amsa, kamar yadda aka ƙayyade wa soja kwanakin ɗaukaka ƙara, in kuma ya ci nasara a biya shi tun daga ranar da ya fara kai takarda, in ya rasu a biya magadansa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji su daina tsayawa ga fareti da gaisuwar salla, su zauna da mutum su cika masa takarda, su raka shi.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun iyali yau. Uwar gida, ki samu ɗan littafi, duk ranar da maigida ya faɗi a rubuta kwanan wata da lokaci da tsawon abin, in ba ki rubutu ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. Wani ya ɗauki bidiyo yayin da wani ke kula da shi. A adana kowace takardar magani, har kwalin da ya ƙare. A nemi sunaye da lambobin waɗanda suke cikin motar ranar da abin ya faru tun suna raye, tun ana iya samun su.

Ku kuma kwamandoji da likitocin bataliya, ranku ya daɗe, kalmar ƙarshe a kan yaran nan sau da yawa a hannunku take tun daren farko. Na san bayan hari akwai gawawwaki, akwai rahoton makamai, akwai waya daga sama. Amma yaron da ya suma na minti goma ya tashi ya ce ba komai, mon kafitan, a rubuta shi. A rubuta ranar, da wurin, da tsawon suman, da ko ya yi amai, da ko ya manta abin da ya faru. A ba shi kwafi a hannunsa, a aika wani gidansu. Layi biyar ne, kuma nan da shekara goma su za a nema a wurinsa.